Sandar Awo da Ba Ta Ga Wuta Ba

Upper Marlboro, Maryland
9 ga Satumba, 2012

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya gwiwar? Maganin shafawan da na ba Alhaji Sabo ya kawo miki, ki riƙa shafawa kullum, ba sai ta tashi da ciwo ba. Mu nan lafiya lau. Maiɗakina Atine na gaishe ki, yara ma suna gaisuwa da Hausarsu ta rabi da rabi. Bayana ne ke ɗan yi min tsiya in na daɗe a sunkuye, amma ba abin a faɗa ba ne.

Kin ce a waya ba kya jin rabin maganata, "na'am, na'am" kawai kike yi don kada in ji kunya. To ga takarda, ki sa tabarau ki karanta a tsanake.

Kin sha tambayata wai wane irin aiki ne nake yi da ba ya ƙarewa. Bari yau in kwatanta miki. Ki ɗauko gammo a ranki, amma na ƙarfe, cikinsa fayau, girmansa ya kai ɗakin Inna na da har da rumfarsa. Turawa na ce masa tokamak, ni Tukunya nake kiransa. Ana zuƙe iskar ciki tas, a saka ɗan gas kaɗan, a hura shi da lantarki har zafinsa ya wuce na ranar nan da ke sama. Maganaɗisu ne ke riƙe wutar a tsakiya don kada ta taɓa bango. Ba ta daɗewa, kan ki ce kwabo ta mutu, sai a sake hurawa. Masana na neman yadda za a riƙe ta ta daɗe, wata rana a ba gari lantarki da ita. Wannan nasu ne. Nawa shi ne Tukunyar kanta.

Sau ɗaya a shekara ake buɗe ta don gyara. Ƙofar ba ta fi bakin randa ba, da rarrafe ake shiga, cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, don ko shatin yatsa ya taɓa bango sai ya ɓata aiki. In an gama an rufe, sai a yi makonni ana gasa ta har danshi ya fita. Shi ya sa ba a buɗewa don ganin dama. Abin da bai shiga a wannan buɗin ba, sai baɗi.

Ni ke shiga, Yaya. Ni da na bar sakandare a aji uku na tafi gareji koyon walda, ni da na share shekaru ina wanke motoci a Landover, yau farfesoshi ke tsayawa a bakin ƙofa suna jira in leƙo in ce musu e ko a'a. Ba wanda ya ɗaga waya ya nemo min wannan wuri. Hannuna ne ya nemo min.

Yanzu ga maganar 'yarki. Tun da ta zo gidan nan karatun dokta, shekara huɗu ke nan tana ƙera wata sandar awo. Doguwa ce, kanta bai fi babban yatsa ba. So ake ta riƙa leƙa gefen wutar, ta auno zafin, ta dawo kafin ta narke. Amma sai an girka mata mazauni a cikin Tukunya kafin ta yi aiki, in kuwa ba ta yi aiki ba, babu digiri. Wata mai kamawa za a yi taron tsara gyara, a zaɓi abin da zai shiga bana. Na ga sandar da idona. Ba zan ce komai ba, kin san ni.

A wurin aiki ba wanda ya san abin da ke tsakaninmu. Ita a takarda Umar take amsawa, ni Ladan, sunan Baba, Turawa kuwa ba su san yadda muke sa suna ba. A ganinsu 'yan ƙasa ɗaya ne mu kawai. In mun haɗu a hanya ta ce, "Ina kwana, Kawu," in ce, "Lafiya," kowa ya kama gabansa. Haka ya fi. Tun ranar da uwarta ta rasu na miƙa miki ita a zane, taki ce. Ni nawa ido.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Umaru Ladan


Malumfashi
2 ga Oktoba, 2012

Umaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Magani ya iso, sai dai rabin kwalba, don Alhaji Sabo ya fara gwadawa a tasa gwiwar tun a jirgi. Na karanta labarin tukunyarka har na maimaita. Ashe duk shekarun nan cikin randa kake wuni, mu muna nan muna cika baki ɗan'uwanmu injiniya ne a Amurka.

Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, inda ka ce ba za ka ce komai ba. Umaru, Mardiya 'yarka ce ta fari, na sani. Kunyar ɗan fari ba kai ka fara ta ba, Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Ni na goye ta, tare da 'ya'yana ta tashi tana ce maka Kawu, ban taɓa hana ta ba. Amma Baba a Malumfashi yake zaune, inda in uba ya sunkuyar da kai kowa ya san yabo ne. Can wa zai fassara musu shirunka?

In an tambaye ka a taron nan, ka buɗe baki ka faɗi abin da idonka ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban roƙe ka komai a kanta ba tun tana zane. Yau na roƙa.

Zan ba wani ɗan makwabtanmu takardar nan, jibi zai taho ƙasarku. Ya ce da ya sauka zai jefa maka a gidan waya, wai ya fi sauri. A gaida Atine da yara.

Yayarka,
Hasiya


Upper Marlboro
18 ga Nuwamba, 2012

Yaya Hasiya,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina fata kun yi ta lafiya. Shiru ban ga amsarki ba, Allah ya sa ba gwiwar ba ce. Mu mun yi layya a wata gona can bayan gari, bayan 'yan kwanaki kuma wata guguwa ta ratsa mu, ta kayar min da itacen ƙofar gida. Ba wanda ya ji ciwo.

A gurguje nake rubutu. Tukunya a buɗe take, daga safe har la'asar ina ciki, ina cire baƙaƙen tayil ɗin da wuta ta cinye ina sa sababbi. In na fito sai na dafa bango kafin in miƙe. Jibi za a rufe ƙofa a fara gashi.

An yi taron. Na yi abin da ya kamaci uba. Ban ba ki kunya ba, ban ba gidanmu kunya ba. Sauran bayani sai na huta.

Ƙaninki,
Umaru


Malumfashi
9 ga Disamba, 2012

Umaru,

Alhamdu lillahi! Ashe takardata ta iso, ashe kuma kana jin magana. Da na kai inda ka ce ka yi abin da ya kamaci uba sai da na cire tabarau na share ido. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Na sa an soya ƙosai an raba sadaka, na kuma aika Funtuwa a sayo min atamfar da zan sa a hoton ranar da za a ba ta digiri, ko da daga nan ne. Ita ban kira ta ba, na san tana cikin aiki. Muna lafiya.

Yayarka,
Hasiya


Malumfashi
14 ga Disamba, 2012

Umaru,

Lafiya muke, in ka damu ka sani.

Mardiya ta kira ni jiya. Na hau yi mata barka, ta bar ni har na gama. Sai ta ce, "Inna, ba ta shiga ba. An ɗaga sai baɗi." Na ce Kawunki fa, ba ya wurin? Ta ce, "Yana nan. An tambaye shi, ya ce ba laifi."

Ba laifi! Kamar ana tambayarka miyar makwabta. Wannan ne abin da ya kamaci uba? Ko kuka ba ta yi ba, shi ya fi tayar min da hankali. Na gargaɗe ka baƙi da fari, ka karanta ka take, sannan ka rubuto min abin da ya sa na raba ƙosai unguwa tana yi min barka. Ka kashe yarinya da kunya, Umaru. Atamfar tana nan, in kana so in aiko maka ka ɗaura.

Hasiya


Upper Marlboro
13 ga Janairu, 2013

Yaya Hasiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Nan sanyi ya kankama, Atine ta yi mura ta warke. Takardunki uku na gabana. Ta godiya da ta faɗa rana ɗaya suka iso, na rasa wadda zan fara amsawa. Ta Oktoba kuwa, wadda kika ba ɗan makwabta, sai da muka rufe Tukunya muka yi nisa da gashi sannan ta zo. A aljihun rigar sanyinsa ya manta da ita can Ohio. Don haka ban ga gargaɗinki na take ba, ban kuma yi miki ƙarya ba.

Ga yadda aka yi, ki yi hukunci da kanki. Mai tsara mana aiki wata mata ce, Irene, mun kusa shekara ashirin tare. Ayyuka uku ke neman shiga, lokacin da muke da shi na biyu ne kawai. Kowane malami ya tashi ya yabi aikin ɗalibinsa, har da malamin 'yarki, amma wannan kowa ya san yabon gida ne. Sai Irene ta juyo ta ce, "Umaru, kai za ka shiga da su. Wanne ne a shirye?"

Na ce madubin wani yaro ɗan Koriya an yi shi da kyau, na kawo dalili. Na ce tagar kyamarar wata yarinya Olive ba ta da matsala, na kawo dalili. 'Ya'yan mutane ne, haƙƙinsu ne a faɗa. Sai ta ce, "Sandar Miss Umar fa?"

Yaya, 'yarki tana zaune can ƙarshen tebur, ga ɗaki cike da mutane. In buɗe baki in ce me? In ce duk zamana a gidan nan ban ga walda mai tsabtar tata ba? A gabanta? Na dubi tebur na ce, "Ba laifi. In da wuri, ta shiga."

Irene ta ce, "Akwai abin da ke damunka game da ita?" Na ce, "Ban ce ba." Ta jira, ni ma na jira. Sai ta duƙa ta rubuta abin da ta rubuta.

Daga baya na gane abin da ta ɗauka. Ta san halina, in na yi shiru a kan ƙarfe, to ƙarfen na da aibi. Amma ni ba don ƙarfe na yi shiru ba. Mutane ne da sai an tauna an sa musu a baki. A garinmu ko yaro ya ga yadda na sunkuyar da kai ya san abin da nake nufi.

Kuma ki daina cewa na kashe ta. Ba hana ta aka yi ba, ɗagawa aka yi. Buɗi na gaba ita ce ta farko a layi, da hannuna zan girka mata. Shekara ɗaya ba ta taɓa kashe kowa ba. Ni shekara nawa na yi hannuna cikin ruwan sabulu a tsakiyar sanyi, wa ya tsaya min? Abin da aka sha wuya a kansa shi ke da albarka. Gara a ce aikinta ne ya shigar da ita, ba bakin wani ba.

Har yanzu tana gaishe ni in mun haɗu. Sai dai da Turanci, "Mista Ladan," kamar kowa. Yarinta ce, za ta huce.

Atamfar ki ajiye, ranarta na zuwa.

Ƙaninki,
Umaru


Upper Marlboro
7 ga Afrilu, 2013

Yaya Hasiya,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ban ga amsa ba, ban kuma yi mamaki ba. Mu nan da rai da lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Masu ba mu kuɗin aiki a Washington sun yanke kasafi. Watan jiya aka tara mu a ɗakin cin abinci aka karanta mana. Tukunya za ta yi aiki zuwa Satumba, daga nan a kashe ta ke nan. Babu buɗi na gaba. Ana karantawa ina kallon ƙeyar 'yarki, ko motsi ba ta yi ba.

Sai Allah ya kawo wata ƙofa. Wani tayil ya ɓalle a ciki, da an hura wuta sai ta mutu nan take. Dole a buɗe na 'yan kwanaki a gyara. Na auna a raina, in na shiga don tayil, a shiga ɗaya zan iya girka mazaunin sandar. Na tuna maganarki ta wanka da cibi. Na yi alwala na nufi ofishin Irene.

Na ce, "Irene, sandar nan a shirye take tun bara. Ban taɓa ganin aiki mai kyanta ba."

Ta ajiye biro ta ce, "To me ya hana ka faɗa a Oktoba?"

Bakin da ya daɗe a rufe, in ya buɗe bai san iyaka ba. Ni kuma ba na so a ɗauke ni mai magana biyu. Na ce, "Don 'yata ce. Ni na haife ta. A wurinmu uba ba ya yabon ɗansa na fari."

Sannan ta ce, "Umaru, da ma ba ka gaya min ba."

Ashe dokar gidan ce, ɗan'uwa ba ya sa hannu a kan aikin ɗan'uwansa. Tunda ta ji, ba za ta iya yin kamar ba ta ji ba. Sai an samo wani ya duba sandar tun daga farko, ya gwada, ya sa hannu. Wanda zai iya a cikinmu yana cikin waɗanda aka sallama da aka yanke kasafi. Wanda za a aro daga wani gida sai bayan makonni. Tukunya kuwa ba ta jira, duk ranar da ta kwana a buɗe ranar gwajin wani ɗalibi aka cinye, su ma digirinsu a kai yake. Ban ga laifinta ba, matar nan har idonta ya kawo ruwa. Na ce to a cire sunana gaba ɗaya, wani ya duba, wani ya shiga. Ta ce, "Wa?"

Yaya, abin da na yi shekaru ina taƙama da shi, cewa ni kaɗai ke shiga, shi ne ya zame min ƙarfen ƙafa.

Na shiga na gyara tayil. Wurin da mazaunin sandar zai zauna yana nan daidai kafaɗata, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Na fito, aka rufe.

Da aka tashi na sami 'yarki tsaye jikin motata. Da Hausa ta yi min magana, karo na farko tun ranar taro. Ta ce, "Irene ta kira ni." Na ce, "To." Ta ce, "Kawu, da ka ce a shirye take, ka tsaya nan. Shi ke nan abin da nake nema, tun farko." Na ce, "Shiga in sauke ki." Ta ce ta gode, bas za ta hau.

Kin ce in yi magana, na yi. Ban ce laifinki ba ne. Gaya miki kawai nake na yi.

Ƙaninki,
Umaru


Upper Marlboro
24 ga Nuwamba, 2013

Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Na san kina lafiya, don ina jin ki kuna hira da Atine a waya. In ta miƙo min sai ki ce ba kya ji. Ba komai, yaya ce ke. Bayana ya matsa, likita ya ce in daina sunkuyo. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an kusa daina min.

A Satumba aka hura wuta ta ƙarshe. An cika ɗakin kallo, an yi tafi, wasu sun yi kuka. 'Yarki ba ta zo ba.

Bayan mako biyu, mun fito sallar Juma'a, sai wani direban tasi ɗan Nijar, Hamani, ya kamo hannuna yana fara'a. Ya ce, "Elhaji, shekaranjiya ni na kai ɗiyarka filin jirgin Dulles. Akwati biyu rak, na ce mata wannan ai ba tafiyar mace ba ce! Allah ya ba da sa'a, wai can Jamus za ta." Na ce, "Amin, na gode. Aiki ne ya riƙe ni ban raka ta ba." Ya ce, "Ai ta faɗa min." Ban tambaye shi me ta faɗa ba. A bakin direba na ji, Yaya, ke kuma na san kin sani tun tuni. Irene ce ta ƙarasa min sauran. Wani gidan bincike ya karɓe ta, amma daga farko za ta soma, da kayan awon wani. Wahalar shekara biyar ta tafi a banza ke nan.

Ni an bar ni cikin masu wargaza Tukunya, zuwa bazara mu ma a sallame mu. Yanzu ƙofa a buɗe take kullum, ba fararen kaya, da takalmi ma ake shiga. Makon jiya ina kwashe kaya a sito na ga akwatin sandar, an manna masa takardar kayan zubarwa. Na ɗauko ta da mazauninta, na ja su na shiga ciki. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni.

Ta zauna daram, kamar tare aka haife su da Tukunya. Ban ɗauki guduma ba, ban goge ko gefe ɗaya ba, kowane rami ya faɗa kan ɗan'uwansa. Kafin shayin da na ajiye a bakin ƙofa ya huce na gama. Na tura ta gaba, na jawo ta baya, tana tafiya sumul. Sai dai ba wutar da za ta auna. Na zauna a ciki ni da ita. Na cire safar hannu na dafa bango, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aiki a gidan nan. Sanyi ƙalau.

Washegari muka fara yanka. Kan sandar na kwance shi, Irene ta ce in tafi da shi, ba mai tambaya. Yana nan naɗe cikin hulata. So nake in aika mata, in kuma gaya mata sandar ta zauna, da bakina, ba ta hannun kowa ba.

Ki turo min adireshin Mardiya. Mardiya. Ga shi na rubuta.

Ƙaninki,
Umaru


Malumfashi
20 ga Disamba, 2013

Umaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina, a zaune nake salla yanzu. Allah ya ba ka lafiyar bayanka, ya musanya maka aiki da mafi alheri.

Na kira ta na karanta mata takardarka daga sallama har sa hannu. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ta ce, "Inna, na san za ta zauna. Ni na auna." Na ce adireshin fa? Ta ce a bari tukuna. Ban matsa mata ba. Shirun nan a wurinka ta ɗauko shi, ni kuwa na tsufa da yi muku tafinta.

Kan sandar ka riƙe shi a wurinka. Takardarka na ninke ta, wurin sunan a sama, na sa a adaka kan atamfar. Biron ya huda takardar a wurin. In Allah ya kawo ta hutu zan miƙa mata hannu da hannu. Ban yi maka alkawarin za ta karɓa ba.

Yayarka,
Hasiya